Ƙwaya Cikin Rigar Magani: Koya wa Yaran Ƙasar Arewa Auna Abin da Za Su Sha

Gundumomin Dogondutsi da Tibiri, waɗanda suke gabashin jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, su ne cibiyar ƙasar da ake kira Arewa, wato ƙasar Arawa, sunan da bai kamata a rikita shi da Arewar da 'yan Nijeriya suke nufi idan suna maganar jihohinsu na sama ba. Har zuwa shekarar 2011 Tibiri tana ƙarƙashin Dogondutsi, sannan aka ɗaga ta zuwa gunduma mai cin gashin kanta tare da Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme, aka bar wa Dogondutsi Matankari da Kiyeshe da Dankasari da Dogonkiriya da Sukukutan. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum sama da dubu 370 a gundumar Dogondutsi da kimanin dubu 270 a ta Tibiri, kuma tun da yake kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 da haihuwa ba, babu wani gida a wannan yanki na kwarin Dallol Mawri da batun tarbiyyar 'yan shekara 12 zuwa 15 bai shafa ba.

Yanayin wurin ma yana da nasa hannu a cikin lamarin shaye-shaye. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso ta nufi Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta ratsa tsakiyar garin Dogondutsi, iyakar Nijeriya kuma tana kusa ta gabas da kudu, inda dangin Arawa suke zaune a yankin Kangiwa na jihar Kebbi. Iyaka ce da auratayya da cin kasuwa da ci rani suka girme ta, saboda haka duk abin da ya shiga kasuwar wancan ɓangare, mai amfani ko mai cutarwa, ba ya daɗewa bai tsallako ba, ko a bayan babur ko a jakar ɗan ci rani da ya dawo gida gabanin damina.

Abin da ya bambanta matsalar wannan yanki da yadda littattafan ƙasashen Turai suke siffanta shaye-shaye shi ne ƙofar da abin yake shigowa ta cikinta. A can ana ɗauka cewa yaro yana fara sha ne don nishaɗi ko don bijire wa iyaye, alhali a ƙauyen Arewa abin da ya fi yawa shi ne ƙwaya ta zo wa yaro da sunan magani, daga hannun wanda ya yarda da shi, a tsakiyar aiki. Wanda ya girme shi a gona yakan miƙa masa ita a lokacin noman farko domin ta kashe masa gajiya, ko ubangidansa a tashar kabu-kabu ya jefa ta cikin shayi, ko mai tallar magunguna a ranar kasuwa ya sayar masa da ita tare da maganin ciwon kai, ba tare da ɗayansu ya ɗauki kansa mai lalata yaro ba. Yaron da aka yi wa huɗuba a kan sharrin giya da tabar wiwi ba zai ga alaƙar wannan huɗuba da 'yar ƙwayar da ke cikin takardar kamfani ba, domin a idonsa abin da aka buga wa tambari aka rufe da kyau ɗan'uwan abin da ake bayarwa ne a asibiti. Duk koyarwar da ba ta fara daga wannan ruɗani ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

Ƙwayar da ta fi shahara ita ce tramadol, wadda a Nijar aka fi sani da tramol. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa ta a 1962, ya fitar da ita kasuwa a 1977 a matsayin maganin zafin ciwo, kuma tana cikin dangin magungunan da suke aiki a jiki irin aikin mofin, wato suna toshe saƙon ciwo kafin ƙwaƙwalwa ta karɓe shi. Sai dai tana da wani aiki na biyu wanda shi ne sirrin farin jininta a wurin masu aikin ƙarfi, domin tana ƙara yawan wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya ji kuzari da sakin rai, ta yadda mai shan ta zai ɗauka ƙarfi ya samu, alhali kuwa gajiyar tana nan, ƙararrawar da ke sanar da shi ita ce aka kashe. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100 a sha ɗaya, kuma iyakar da aka ƙayyade wa babban mutum a yini guda ita ce 400, amma ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma suna zuwa da 120 da 225 har da 250, ma'aunan da ba don asibiti aka yi su ba. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun wuce iyakar yinin babban mutum, balle yaron da nauyinsa bai kai rabin na mahaifinsa ba.

Akwai wani bayani da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne yake rushe hujjar da yara suka fi kafawa, wato cewa wane ya daɗe yana sha kuma babu abin da ya same shi. Hanta ce take sarrafa tramol ta mai da ita wani sinadari da ya fi ta ƙarfi, kuma saurin wannan sarrafawa gado ne da ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ƙwaya ɗaya tana iya wuce wani salin-alin ta kayar da abokinsa da suka sha tare. Haɗarinta na kusa guda biyu ne: jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda takan zo ba sallama ko mutum yana kan babur ko bakin rijiya, da kuma raunin numfashi, wanda yake tsananta idan an haɗa ta da giya ko da ƙwayar barci. Haɗarinta na nesa kuwa shi ne sabo, ma'ana jiki ya daina jin ma'aunin jiya ya nemi ƙari, har a kai matsayin da idan ba a sha ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci su taso, mutum ya koma sha domin kawai ya iya tashi, ba domin wani daɗi da ya rage ba.

Mafi yawan wannan ƙwaya daga Indiya take fitowa ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku, sannan ta hauro Sahel ta mota. Ba ta cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi la'akari da su shi ne cewa a ƙasashe matalauta tana cikin 'yan magungunan zafin ciwo da mai karaya ko mai ciwon daji zai iya samu. Wannan ya bar wa kowace ƙasa nauyin tsare gidanta. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, da ofishin 'yan sanda na musamman da ake kira OCRTIS, Indiya kuma ta tsaurara dokar fitar da tramadol a watan Afrilu na 2018. Abin da ya biyo baya darasi ne ga mai tsammanin kame kaɗai zai wadatar, domin 'yan kasuwar sun juya ga wata ƙwaya mai suna tapentadol da aka gauraya da maganin sassauta jijiya, wadda binciken BBC na watan Fabrairu 2025 ya nuna yadda take kwarara zuwa Afirka ta Yamma. Suna da launin takarda suna sauyawa duk bayan 'yan shekaru, saboda haka yaron da aka haddace wa jerin sunaye kawai zai tsinci kansa ba makami ranar da sabuwa ta fito.

Sauran abubuwan ba su buƙatar dogon bayani. Akwai diyazefam, maganin barci da kwantar da hankali, da Exol, wanda asalinsa maganin karkarwar jiki ne, da sholisho na facin taya da ƙananan yara suke shaƙa saboda arha, da tabar wiwi, da zaƙami, tsiron da Bahaushe ya riga ya yanke wa hukunci tun da ya laƙaba masa suna haukata-yaro. Ruwan maganin tari mai kodin ya yi tashe a Nijeriya har gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018, kuma binciken ƙasa da aka fitar a can a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan zafin ciwo irin su tramol. Giya kuwa, a al'ummar da kusan kowa Musulmi ne, ba a fili ake shan ta ba, amma ɓoyon da ake yi ya sa sigar da ta fi isa hannun yaro ita ce barasa mai ƙarfi a 'yar leda ko ƙaramar kwalba, wadda take shiga aljihu kuma kuɗinta bai fi na ƙosai ba, irin wadda hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta sanar da fara hana ta a farkon 2024.

Dalilin ware 'yan shekara 12 zuwa 15 yana da tushe a halittar ƙwaƙwalwa. Sashen da yake kwaɗayin sabon abu da yabon tsara yana balaga da wuri, amma sashen gaban goshi, wanda yake auna sakamako ya ja wa mutum linzami, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Yaro a wannan tsakani kamar doki ne mai ƙarfi da ba a gama horar da mahayinsa ba, kuma bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya fi wanda ya fara bayan ya girma shiga haɗarin kamuwa da sabo. Jinkirta farawa, ko da na shekara biyu ko uku ne, riba ce da ake iya aunawa. A Arewa wannan shekaru ne kuma na rabuwa da idon gida, lokacin da ɗan ƙauye da ya gama firamare yake komawa kwaleji a wani gari ya zauna a gidan mai masauki, wanda bai ci gaba da karatu ba kuma yake fara bin yayyensa ci rani.

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen gargaɗi ita ce tsoratarwa: a tara ɗalibai a fili ranar 26 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, jami'i ya yi jawabi, a ƙona abin da aka kama, a nuna hoton mahaukaci. Niyyar tana da kyau, amma amfanin kaɗan ne. Amurka ta gwada irin wannan da shirin DARE, wanda aka fara a Los Angeles a 1983 inda 'yan sanda suke shiga aji, kuma bayan shekaru ana kashe maƙudan kuɗi bincike ya nuna cewa yaran da suka bi shirin ba su bambanta da waɗanda ba su bi ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yara: idan an ce wa yaro duk wanda ya sha zai haukace, sannan ya ga maƙwabcinsa yana sha yana noma yana aure, to ba ƙwayar zai ƙaryata ba, mai gargaɗin zai ƙaryata, kuma daga ranar har gaskiyar da ke bakinsa ta zube.

Abin da ya fi nuna alamar nasara shi ne koyarwar da take ɗaukar yaro a matsayin mai hankalin da ake ginawa. Misalin da ya fi kusa da Arewa shi ne shirin Unplugged, darussa 12 da malamin aji yake bayarwa ga 'yan shekara 12 zuwa 14, wanda aka fara gwadawa a ƙasashen Turai bakwai, daga baya ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya daidaita shi da Nijeriya tare da ma'aikatar ilimi da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, aka gwada shi a makarantun sakandare 32, aka kuma ga raguwar shan giya a tsakanin ɗaliban da suka bi shi. Ginshiƙinsa na farko sahihin bayani ne ba tare da ƙari ba, har da amincewa cewa ƙwayar tana kashe jin gajiya na ɗan lokaci, domin a nan ne ake samun damar bayyana abin da ake biya daga baya. Na biyu shi ne gyara zato, wato nuna wa yara cewa masu sha ba su kai yawan da suke tsammani ba, tun da yaron da ya gaskata cewa kowa yana yi yakan ji kamar shi kaɗai aka bari a baya. Na uku shi ne gwaji da baki, inda yara suke kwaikwayon yanayin da za a miƙa musu abu su kuma saba da amsar da za su bayar.

Wannan ginshiƙi na uku ne yake buƙatar a sake ƙera shi da ƙirar gida. Littafin Bature yana ɗauka cewa mai miƙo ƙwaya tsaran yaro ne, don haka ya isa a koya masa ya ce a'a. A ƙasar Hausa kuwa sau da yawa mai miƙowar yaya ne ko ubangida ko kawu, kuma yaron da aka tarbiyyantar a kan kunya da girmama na gaba, aka koya masa cewa mai da hannun kyauta baya rashin ladabi ne, ba zai iya kallon idon babba ya ƙi kai tsaye ba. Abin da zai amfane shi shi ne kalmomin da suke kare shi ba tare da sun ci mutuncin kowa ba: ya yi godiya ya ce ba ta karɓe shi ba, ko ya ce Baba ya hana shi shan magani sai da takardar likita, ko ya jingina da cewa yana da alwashi tsakaninsa da malaminsa. Haka kuma yana buƙatar 'yan tambayoyin da zai riƙa yi wa kowane magani, ko an san sunansa ko ba a sani ba: wane ciwo yake warkarwa, wa ya rubuta shi, lamba nawa ce a jikin takardar, kuma me zai faru ranar da babu shi. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi kaifi, domin maganin gaskiya ana shan sa ne a rabu da shi.

Sai kuma batun wanda zai koyar. Kwaleji tana da gurbi a darasin kimiyyar rayuwa da na tattalin iyali, kuma kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata suna iya tallafawa, amma yara da yawa a karkarar Nijar ba su kai wannan mataki ba, kuma waɗanda suka fi kusa da ƙwaya su ne waɗanda suke waje. A gida ma akwai shinge, domin kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, tana hana doguwar hira a kan irin wannan batu. Al'ada dai ta tanadi mafita tun da daɗewa: kaka tana wasa da jika, taubashi yana faɗa wa taubashi abin da uba ba zai faɗa ba, gwaggo da kawu kuma suna da bakin magana. Waɗannan su ne ya kamata ma'aikatan lafiya da gidajen rediyon karkara su fara ilimantarwa. Akwai kuma fada, majalisar samari ta shan shayi da hira, wadda masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, da ta shafe shekaru tana bincike a Dogondutsi, ta rubuta littafi a kanta a 2019. Manya sukan yi wa fada kallon matattarar zaman banza, amma wuri ne mai shugaba da dokoki da asusun taimakon juna, kuma ƙanen da ake aika ya sayo gawayi da sukari yana sauraron duk abin da ake faɗa. Fadar da ta hana jefa ƙwaya a butar shayinta ta yi wa yaran unguwa abin da jawabin shekara guda ba zai yi ba.

Malaman addini suna da hujja mai ƙarfi a hannu, idan suka wuce ambaton haramci kawai. Kiyaye hankali yana cikin manyan abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare, kuma ƙa'idar fiƙihu ta rataya hukunci ne a kan gusar da hankali, ba a kan sunan abin sha ba, wanda hakan yake amsa wa mai cewa ƙwaya ba giya ba ce. Yadda Alƙur'ani ya bi da giya ma abin lura ne ga mai koyarwa, domin a Suratul Baƙara an fara da auna cutarta da amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida tare da bayyana dalili. Almajirin da aka bi da shi ta wannan tsari ya san me ya sa, ba me aka hana kaɗai ba.

'Yan mata sukan faɗo daga lissafi, saboda ana ɗauka shaye-shaye na maza ne. Tasu ƙofar daban ce: ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi maganin ƙaiƙayi ne ko na kumburi da ake sha ba bisa ƙa'ida ba gabanin aure, da ƙwayar barci don damuwa, da tramol ga mai yawon talla ko mai surfe da daka. Tun da yake ana aurar da yawancinsu kafin shekara 18, lokacin da za a same su a koya musu gajere ne ƙwarai.

Wani abin da ya keɓanta da Arewa shi ne fassarar da ake yi wa faɗuwa. Ƙasa ce da bori ya yi zurfi a tarihinta, ƙasar jagororin addinin gargajiya irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, kuma har yanzu idan yaro ya faɗi yana jijjiga, tunanin mutane da yawa yakan fara zuwa kan iskoki, a nemi mai ruƙiyya ko mai girka. Ba sai an yi jayayya da imanin kowa ba kafin a koya wa yara da iyaye cewa tramol ma tana kayarwa haka, kuma abin yi na farko iri ɗaya ne: a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa nono ko manja, a kai shi cibiyar lafiya, a kuma gaya wa ma'aikacin gaskiyar abin da ya sha. Abokan da suke tsoron jandarma ko dukan iyaye sukan ɓoye wannan gaskiya, kuma a irin wannan jinkiri ne ake rasa rai.

Ilimi dai yana da iyaka inda yunwa da aikin da ya fi ƙarfin yaro suke. Ƙasar Aisland ta rage yawan 'yan shekara 15 da 16 da suke buguwa daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016, ta hanyar cika musu lokaci da wasanni da sa iyaye su san inda suke da dare, ba ta ƙarin lacca ba. Arewa ba ta da kuɗin Aisland, amma tana da kokowa da langa da ƙwallo, da lambunan rani na dankali da kayan miya a kewayen Dogondutsi, da sarakunan da har yanzu ake jin maganarsu a kan abin da za a kasa a kasuwa. Tun daga Maris 2025 kuma Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, abin da ya kawar da uzurin rubuta waɗannan darussa da Faransancin da ɗan aji na farko a kwaleji bai gama ƙwarewa a kansa ba. Lokacin bayar da su ma yana bin kalandar noma ne: a watan Oktoba, sa'ad da ake buɗe makarantu ana kuma ɗaure dammunan hatsi, kafin motocin ci rani su fara lodi, sai kuma a watan Mayu, lokacin da matafiya suke dawowa da tsaraba ana shirin shuka.